Don Arcesio da Sheƙar Gaggafa

Shekara talatin da ɗaya Don Arcesio Buitrago ya yi yana tuƙa jif tsakanin garinmu Santa Elvira da ƙauyukan kan dutse, kuma ban san direban da fasinjoji suka yi wa mita kamarsa ba. Ba gudu yake yi ba, ba ya kuma shan giya. Laifinsa tsayawa. Ana cikin tafiya, mota ta cika da buhunan kofi da ayaba da mutum goma sha biyar, wasu a zaune wasu a maƙale a baya, sai ya taka birki ya kashe inji ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Kowa ya san abin da yatsan yake nufi: a yi shiru, ya ji wani tsuntsu. Masu sauri su yi ta tsaki, mata su ce madara za ta yi tsami kafin a isa gari, shi kuwa ya leƙa ta taga da madubin hangen nesansa har sai ya ga abin da yake nema. Sannan ya ta da mota, ya gaya musu sunan tsuntsun ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Ɗan manomi ne. Yana yaro da danƙo yake yawo, duk tsuntsun da ya kai girman a gasa ya harbe shi, a nan ya haddace kukansu ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya haura arba'in ciwon baya ya kwantar da shi wata biyu. Gadonsa yana kusa da taga, akwai bishiyar gwaiba a wajen, ba shi da abin yi sai kallonta. Kafin ya miƙe ya ƙirga tsuntsaye iri ashirin da uku a bishiyar nan guda, ya ce ya ji kunya, shekara arba'in yana cin su bai taɓa duban fuskarsu ba. Matarsa Doña Fabiola takan ce ciwon baya ya warke amma ya bar mata wani ciwon da ba shi da magani.

Amininsa tun ƙuruciya shi ne Gildardo Henao, mai shagon hoto a bakin dandali. Gildardo ne ya riƙe 'yar Arcesio a coci ranar da aka yi mata baftisma, tun daga ranar suke kiran juna kompadre, kuma a wajenmu wannan ya fi 'yan'uwantakar jini nauyi a gidaje da yawa. Shi ya ba Arcesio tsohuwar kyamararsa ya koya masa amfani da ita, Arcesio kuma ya koya masa tsuntsaye. Su biyun suka fara fita ran Lahadi da sassafe, a hankali mai kantin magani ya bi su, sai wasu 'yan'uwa mata biyu masu ɗinki, sai wani ma'aikacin lantarki. Ni ce ta bakwai. Na shiga ne shekarar da na yi ritaya daga koyarwa a firamare, sunana Nelcy amma kowa Malama yake ce mini.

Ba zan manta da waɗannan Lahadin ba. Mukan haɗu ƙarfe biyar a gaban coci, mu hau jif, mu sauka inda kwalta ta ƙare. Doña Fabiola ta cika mana flas da ruwan mazarƙwaila mai zafi, ga cuku da wainar masara a naɗe cikin ganyen ayaba. Arcesio ne a gaba kullum, yana tafiya a hankali kamar mai neman allura. Shi kunne yake da shi, Gildardo kuma hannu. Hotunan Arcesio rabinsu rassa ne, domin kafin ya saita kyamara tsuntsun ya tashi, Gildardo ya yi ta tsokanarsa yana cewa a duk jihar Caldas babu mai hoton reshe kamar kompadre. Arcesio sai ya ce ai shi ya ga tsuntsun da idonsa, wani kuwa sai ya koma gida ya kunna kwamfuta yake sanin abin da ya ɗauka. Hotunan da suka fito da kyau Gildardo ya wanke masa su, ya liƙa su a rufin jif ta ciki, fasinja ya ɗaga kai ya ga kolibri, 'yan mitsitsin tsuntsayen nan masu shan ruwan fure, da aku da maƙwaƙwafi suna kallonsa.

Doka biyu kawai Arcesio ya kafa mana. Ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a yaudare shi ya fito, kuma ba a matsawa kusa da sheƙa. Wanda ya karya ɗaya, da ƙafa zai koma gari. Sau ɗaya ya aikata hakan ga ma'aikacin lantarki, kilomita tara, babu wanda ya sake gwadawa.

Tashar ƙarshe a hanyar da yake bi ran Talata da Asabar ita ce La Cuchilla, kuma gidan ƙarshe a can na wata tsohuwa ne, Misiá Orfilia, kamar yadda muke kiran manyan mata na karkara. Mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai da kajinta da saniya ɗaya da 'yar gonar wake. Wata Talata ta tare Arcesio ta ce ya sayo mata harsashi a gari, za ta ɗauko bindigar marigayi, wata gaggafa ta ɗauke mata kaji uku cikin sati biyu. Ya tambaye ta kamanninta. Ta ce baƙa ce ta sama, ƙirjinta ja kamar gasasshen kofi, tana da tukku a ka, kuma idan ta buɗe fikafikai ta fi faɗin ƙofar ɗaki. Arcesio ya gaya mini daga baya cewa nan take ya gane ta. A littafi kawai ya taɓa ganin wannan gaggafar, kuma littafin ya ce ba su da yawa da suka rage.

Ya roƙe ta ta nuna masa inda take fitowa. Ta kai shi ƙarshen makiyaya, tafiyar minti ashirin daga gida, inda ƙasa ta yanke ta zama kwazazzabo mai zurfi. Daga cikin kwazazzabon wata ƙatuwar bishiya ta taso, kanta ya zo daidai da bakin makiyayar, ta yadda wanda ya kwanta a ciyawa zai ga cikin sheƙar gaggafar da ke kanta kamar yana leƙa kwano a kan tebur. Macen tana zaune a ciki.

A ranar suka yi yarjejeniya. Shi zai gina mata akurki babba da waya mai raga har sama, kuma duk kazar da gaggafa ta ɗauka zai kawo wata. Ita kuma ba za ta harbe ta ba. Amma ta gindaya masa sharaɗi, ta ce ba ta yarda kowa ya taka mata gona ba bayan shi. Duk La Cuchilla an san dalili. Shekara ashirin da suka wuce, lokacin da 'yan bindiga suke yawo a duwatsun nan, wasu baƙi huɗu suka zo gidanta cikin ladabi suka nemi ruwan sha, suka ce ɗanta Hernán ya raka su ya nuna musu hanya. Yana da shekara ashirin da biyu. Har yau ba a ga ko takalminsa ba. Tun daga lokacin, in ta hango baƙuwar fuska sai ta shige ɗaki ta sa sakata.

"Don Arcesio, na san mahaifiyarka," in ji ta. "Ka rantse mini da kabarinta."

Ya cire hula ya rantse.

Shekara huɗu ya yi yana zuwa shi kaɗai. Duk Talata in ya sauke fasinja na ƙarshe sai ya bar mota a ƙofarta, ya sha kofi, ya gangara ya kwanta a ciyawa awa guda. Ya ga namijin yana kawo kurege. Ya ga ɗan tsako fari fat ya fito, ya girma, ya fara tsalle daga reshe zuwa reshe, har ranar da ya tashi. Sau biyu ya ga hakan. Tsohuwar da ta nemi harsashi ta koma tana ba shi rahoto, ta ce masa yau uwargida ba ta sauka ba tun safe, ko ta ce yaron ya yi kuka duk jiya. Mu 'yan ƙungiya mun lura yana ɓoye wani abu, don wani lokaci sai ya yi murmushi shi kaɗai, Gildardo har ya ce ko kompadre ya yi budurwa ne a kan dutse. Hotunan da ya ɗauka bai kai a wanke ba, ya bar su a katin kyamara, yana kallo a ɗan madubin bayanta.

Katin ne ya tona asiri. A shekara ta huɗu ruwa ya shige shi ya ƙi buɗewa, Arcesio ya rasa inda zai sa kansa, kuma mutum ɗaya ne a garin ya iya ceto irin wannan. Gildardo ya sha fama kwana biyu, hotuna suka fito, ya ga abin da ke ciki. Wata uku yana roƙon a kai shi wurin, Arcesio yana cewa ba nasa ba ne balle ya bayar. A lokacin shagon Gildardo ya mutu murus, kowa yana ɗaukar hoto da wayarsa, sai dai a zo kwafin takarda ko hoton katin shaida. Ya rame, ya daina tsokana. Wannan ne ya karya zuciyar Arcesio. Ya je ya durƙusa wa Misiá Orfilia ya ce mutumin uban baftismar 'yarsa ne, ya nemi ta yarda ya kawo shi sau ɗaya tak. Daga ƙarshe ta ce in shi ya tsaya masa, ya zo da shi.

Ta yanka musu kaza ranar. Gildardo ya ci kwano biyu, ya kira ta mama, ya ɗauke ta hoto a gaban furanninta, bayan sati ya aiko mata da shi cikin firam mai gilashi. Ta rataye shi kusa da hoton ɗanta. A bakin kwazazzabo kuwa hawaye ya yi, ya rungume Arcesio ya ce har ya mutu ba zai manta da wannan ba, kuma maganar ta mutu a cikinsa.

Abin da ya faru bayan nan zan faɗe shi yadda yake, don da ni a ciki.

Gildardo ya gano wata hanyar. Daga gonar maƙwabci, in ka tsallaka rafi ka hau tudu, za ka fito a ƙasan makiyayar inda ba a hangowa daga gida, waya uku ce kawai ta shinge tsakaninka da wurin. Ya kuma san cewa duk Asabar tsohuwar takan sauko kasuwa da ƙwai da cuku, kuma Arcesio ne da kansa yake ɗauko ta da safe ya mayar da ita da yamma. Wato yayin da Arcesio yake gangarowa da ita a kujerar gaba, kompadrensa yana hawa ta ɗaya gefen da mutane.

Da mu ya fara. Ya same ni a gida ya nuna mini hoto ɗaya a waya, ya ce Arcesio ya amince amma ba ya so a yi masa maganar, saboda tsohuwar tana da wuyar sha'ani, gara ya iya cewa bai sani ba. Na koyar da yara shekara talatin, na san ƙarya in na ji ta. Na san Arcesio ba ya magana biyu. Amma na dubi hoton na sake duba, na ce a raina shekaruna sittin da uku, wa ya san ko zan sake samun wannan damar. Na je. Na ɗaga wayar shinge na sunkuya na shiga kamar ɓarauniya, na kwanta a ciyawa. Gaggafar ta juyo da kai ta dube mu da rawayen idonta, iska tana kaɗa tukkunta, kuma ban taɓa ganin abu mai kyau kamarta ba. Washegari Lahadi na hau jif ɗin Arcesio, na karɓi kofin ruwan mazarƙwaila daga hannunsa, na yi masa godiya. Cikinmu mu bakwai, in ka cire shi da Gildardo, huɗu sun je. Ƙaramar cikin masu ɗinkin nan ce kawai ta ƙi, ita ma ba ta gaya masa ba.

Daga mu sai baƙi. Gildardo ya sa hoton a intanet da sunansa a jiki, bai faɗi wurin ba, ya ce mai so ya neme shi. Suka fara zuwa daga Manizales, daga Bogotá, har Turawa masu kyamarori masu dogon hanci kamar bututu. Da farko mutum biyu-biyu, daga baya shida, takwas. Ya yi wa shago fenti, ya sayi sabon takalmi, tsokanarsa ta dawo. Arcesio wayarsa mai madannai ce, ba ya shiga intanet, ya yi ta murna yana gaya wa matarsa cewa tun da kompadre ya ga gaggafar nan ya dawo hayyacinsa. Abu ɗaya ya dame shi: ya lura macen ta zama mai firgita, da ya iso sai ta miƙe daga kan ƙwai. Ya ɗauka ko wata dabba ce take kewaya bishiyar. Har Gildardo ya tambaya, shi kuma ya ce wataƙila biri ne.

Wata biyar aka yi a haka. Wata Asabar baƙin sun kai goma, cikinsu akwai wani mai ƙiba da ba zai iya sunkuyawa ba, sai Gildardo ya kwance wayar shingen daga jikin turke biyu. Da za su tafi ruwa ya sauko, kowa ya ruga, ba a mayar ba. Saniyar tsohuwar ta bi ta gurbin tana kiwo, ƙasa ta jiƙe, ta zame ta faɗa kwazazzabo. Da Misiá Orfilia ta dawo daga kasuwa ba ta ga saniya ba, ta bi sawu har ƙarshen makiyaya. Ta tarar da ciyawa a kwance kamar an yi taro, sawun takalma iri-iri, robobin ruwa, ga saniyarta can ƙasa ƙafafu a karye tana numfashi da ƙyar. Maƙwabta suka sauka da igiya suka yanka ta. Ran Litinin ta aika aka kira mata ɗan ƙanenta da injin yankan itace.

Ran Talata Arcesio ya iso kamar kullum, bai san komai ba. Ya tarar da ƙofar shinge a ɗaure da sarƙa, tsohuwar tana tsaye ta ciki. Hoton nan mai firam yana kife a kan turken ƙofa. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba. Ta gaya masa abin da ta gani, a taƙaice, murya ba ta rawa.

"Ka rantse mini da kabarin uwarka," ta ce. "Kana ɗaukata a motarka kana yi mini hira, mutanenka suna cikin gonata. Ban yi zaton akwai wanda zai sake yi mini haka ba."

Ya ce mata bai sani ba. Ta ce in bai sani ba, wa ya kawo mai hoton? Wa ya tsaya masa? Ta ce ya ɗauki hoton ya mayar wa mai shi, sannan ta juya.

Ya zagaya ta hanyar rafi ya hau tudun da ƙafa. Inda bishiyar take sai sarari. Tana kwance a cikin kwazazzabo, sheƙar ta tarwatse, itatuwan da aka shekara ana tarawa sun watsu a kan duwatsu. Ƙwan da ke cikinta ya kwana talatin da ɗaya a lissafinsa. Gaggafa biyun suna ta kewaya sama suna kuka. Ya zauna a wurin har fasinjojin dawowa suka gaji da jira suka biyo shi.

Ina cikin shagon Gildardo da yammacin ranar, na je kwafin takardun fansho. Arcesio ya shigo, wandonsa duk laka, ya ajiye firam ɗin a kan kanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an sare bishiyar, ya faɗi dalili. Gildardo ya yi fari fat, ya fara cewa tsautsayi ne, zai sayi wata saniyar, zai je ya ba ta haƙuri da kansa. Da ya ga Arcesio bai karɓi uzurin ba sai ya fusata.

"Kompadre, tsuntsun nan kai ka halicce shi? Shekara huɗu kana kwance a kansa kai kaɗai, kana ɗaukar hotunan da ba wanda zai gani. Kai kana da mota, kullum da fasinja. Ni me kake so in ci, firam?"

"Da ka gaya mini yunwa kake ji, da mun raba abin da ke gidana," in ji Arcesio. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Su wa da wa suka je?"

Idon Gildardo ya zo kaina. Arcesio ya juyo a hankali. Har ranar bai taɓa dubana haka ba.

"Malama, har da ke?"

Na ce har da ni. Ya tambayi sauran, ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ina gyaɗa kai. Sannan ya cire kyamarar daga wuyansa, ya zare katin ya sa a aljihu, ya ajiye ta kusa da firam ɗin ya fita.

Sare irin wannan bishiya laifi ne a doka, kuma wasu cikin baƙin Gildardo sun so a kai ƙara. Arcesio ya aika musu cewa duk wanda ya kai tsohuwar nan gaban hukuma zai je ya ce shi ya sare. Maganar ta mutu. Ya je ya gyara shingen ta waje, bai taka cikin gonar ba. Ya sayar da tayoyin da ya ajiye ya sayi karsana ya aika mata, ta mayar da ita ta hannun wanda ya kai. Ran Asabar ta daina shiga motarsa, ta gwammace ta bi motar madara da ke wucewa tun da duhu.

Ƙungiyarmu ta watse wata shida, sannan ta sake haɗuwa ba tare da shi ba. Yanzu Gildardo ne shugaba, suna da riguna iri ɗaya da hula, suna kai baƙi wasu wuraren, kuma ana kunna kukan tsuntsu a waya ba mai hanawa. Ni ban koma ba, amma wannan ba abin yabo ba ne, kunya ce ta hana ni. Bara garin ya yi bikin tsuntsaye na farko, aka buga hoton gaggafar a ƙaton allo a bakin dandali, da sunan Gildardo a ƙasa a matsayin wanda ya gano ta. Arcesio ya yi ta jigilar baƙin daga tasha kamar kowane direba. Wata budurwa daga Medellín ta ga hotunan da ke rufin motarsa ta tambaye shi ko ya san inda ake ganin gaggafar. Ya ce mata shi direba ne, hanya kawai ya sani.

'Yar Arcesio ta yi ƙoƙarin sulhunta shi da Gildardo, domin uban baftismarta ne, kuma tana son sa. Arcesio bai hana ta gaishe shi ba. In sun haɗu a coci yakan taɓa bakin hularsa ya ce barka, Don Gildardo. Kalmar kompadre ba ta sake fitowa daga bakinsa ba, kuma waɗanda suka san su sun ce da ya zage shi ya fi sauƙi.

Bayan shekara biyu Misiá Orfilia ta sayar da gonar za ta koma wajen 'yarta a Pereira. Babu motar da ke iya hawa La Cuchilla da kaya sai ta Arcesio, don haka 'yar ce ta kira shi. Ya ɗaure gado da kabad da tukwane da kwandunan kaji a sama. Tsohuwar ta ƙi kujerar gaba, ta zauna a baya cikin kaya tana rungume da hoton ɗanta. Awa biyu suna gangarowa, bai tsaya ko sau ɗaya ba. A tasha ya sauke komai ya jera, ya ƙi karɓar kuɗin mota. Za ta shiga bas ta tsaya ta ce masa, ba tare da ta dube shi ba, 'yarta ta gaya mata yadda abin ya kasance, ta yarda bai sani ba. Amma ta ce da ta rufe ido sawun takalman nan take gani, kuma shi ya buɗe musu ƙofa. Ya ce gaskiya ta faɗa. Ba su sake haɗuwa ba, ta rasu a watan Mayun da ya wuce.

Ni kuwa sai da na shekara uku kafin na iya zuwa gidansa. Doña Fabiola ta buɗe mini, ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mini bayan gida ba ta ce in zauna ba. Na same shi yana wanke injin mota. Na faɗi abin da na shirya faɗa, ban kawo uzuri ba. Ya saurara har na gama yana goge hannu da tsumma. Ya ce abin Gildardo ya daɗe da gane shi, mutum ne da ya ga shagonsa yana mutuwa ya rikice. Abin da har yanzu bai gane ba shi ne mu, da muke shiga motarsa duk Lahadi wata biyar, muna dariya da shi, babu wanda ya ja shi gefe. Ya ce da mutum ɗaya ya yi magana, da bishiyar tana nan.

Na ce haka ne. Can ya tambaye ni:

"Kin gan ta sosai, ranar da kika je?"

Na ce na gan ta sosai.

"Macen ce ko namijin?"

Na ce macen, tana cikin sheƙa, ta juyo ta dube mu. Ya gyaɗa kai, ya ce ta fi namijin girma, mutane da yawa ba su san haka ba. Daga nan ya kira matarsa ya ce ta kawo wa Malama kofi. Ta kawo, na sha a tsaye, na yi musu sallama.

Bana yake cika shekara sittin da takwas, idonsa na hagu ya fara yana, 'yarsa tana matsa masa ya ajiye tuƙi. Muna gaisawa a kasuwa, yakan tambayi lafiyar gwiwata. Ran Lahadi yana fita da sassafe shi kaɗai, ya bar motar a gida ya tafi da ƙafa. Doña Fabiola ta ce ita ma ba ta san inda yake zuwa ba, kuma ta daina tambaya.